Kawu da Tsohon Tauraronsa

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Kawu ya riga mu tafiya. Da hantsin wata Talata ya cika a gidansa na Ƙaura Namoda, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ina Shinkafi labari ya same ni, kuma da yake yanzu direbobi ba sa bin hanyar nan sai sun taru sun yi ayari, ban iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta.

Abin da na tarar a ƙofar gida shi ya zaunar da ni nake wannan rubutu. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, maza sun cika wurin maƙil. Ina ratsawa zan shiga gida na ji wani dattijo yana cewa, "Wallahi ƙasar ga ba ta sake yin masani irin Malam." Na ɗaga kai na dube shi. Shi ne mutumin da ya laƙaba wa Kawu suna Malam Duba-sama, har yaran unguwa suka ɗauka suna bin sa da shi a hanyar masallaci. A cikin gida kuma na tarar da maƙwabciyar da ta hana 'ya'yanta shiga zaurenmu ta rungume Inna, matar Kawu, tana rusa kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. Inna tana zaune, idonta a bushe, tana jan carbi, tana jira matar ta gama.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne ƙanen marigayin. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da mahaifiyata, don haka shi ma kawuna ne, amma a nan ƙanen Kawu zan riƙa ce masa, don sunan Kawu da mutum ɗaya kawai ya dace. Ya zauna a tsakiyar rumfa da sabuwar babbar riga, yana karɓar gaisuwa, yana share ido da hannun riga. Ta bayan katanga muna jin muryarsa: "Jigona ya tafi! Wa ni ke da shi yanzu?" Jama'a suna ba shi haƙuri. Da Kawu zai iya ɗago kai, da ya tambaye shi abin da yake tambayar duk mai surutu.

Tambayar ita ce, "Ka auna, ko ka ji an ce?" Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san ta. A Zurmi aka haife shi, gidan manoman gero da dawa, shi kaɗai a cikin sa'o'insa ya yi nisa a boko. Ya koyar da kimiyya a makarantun sakandare har ya yi ritaya. Ni shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, shi ya tsaya har na zama malamar firamare. Ba zan ce mai sauƙin zama ba ne. Ba ya tashi tsaye don mai kuɗi ya shigo. In ka kawo masa labarin banza zai bar ka ka kai ƙarshe, sannan ya ce, "To, Allah shi ƙara maka aikin yi." Shayinsa ba sukari, takalminsa shi yake ɗinke abinsa, rediyonsa kuwa ya fi wasu 'yan'uwa kusa da shi. Yana raina mutane da yawa, kuma da na girma na lura yawancinsu sun cancanta.

Yana da madubin hangen taurari, wani dogon bututu fari mai ƙafa uku, wanda wani malami Ba'indiye ya bar masa lokacin da zai koma ƙasarsu. Bayan magariba Kawu yakan hau tsani da shi zuwa saman soro, ya zauna har a kira isha'i. 'Yan unguwa suna ce wa abin bindigar Malam, suna dariya.

Shekarar da hanyoyin Shinkafi suka lalace da 'yan bindiga, maigidana ya ce in koma Ƙaura da yara har a ga abin da Allah zai yi. A daminar nan na tarar Kawu ya kamu da son wani tauraro guda ɗaya. A waya ya karanta labarinsa, ya yi ta bincike har ya gano inda yake a sama. Wata rana ruwa ya ɗauke, gari ya washe, ya leƙo daga saman soro ya ce, "Ke ɗiyata, aje tsintsiyar nan ki hawo."

Na hau. Ya nuna min kudu da yatsa.

"Kin ga wancan, mai ɗan ja-ja? Tsoho ne. Abin da yake ƙonawa a cikinai ya kusa ƙarewa, shi ya sa ya kumbura ya zama ƙato, fatar jikinai ta rage zafi, ya koma wanga launi. Ranarmu ma haka za ta yi in ta tsufa. Hasken da kike gani yanzu ya baro can tun ba a shimfiɗa titin jirgin ƙasa zuwa Ƙaura ba."

Na ce, "Ikon Allah."

"Tsaya, ba ki ji komai ba. Akwai wasu abubuwa biyu da ke kewaya shi. Sun fi ƙarfin a ce musu duniya, don kowanensu ya ninka babbar duniyar da ke kewaya rana sau da yawa. Amma kuma ba su yi nauyin da wuta za ta kama a cikinsu su zama taurari ba. Masana na ce musu wadanni masu launin ƙasa."

Na sa ido a madubin. Ɗigon haske kawai na gani, yana ɗan rawa. Na ce, "Kawu, ni ban ga wadannin ba."

"Ba ki ganinsu. Madubin ga bai isa ba. Su ma waɗanda sunka gano su ba da ido sunka gan su ba."

Na ce, "To Kawu, ka auna, ko ka ji an ce?"

Ya yi dariya har da tari, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, "An auna, 'yar nema. Kin taɓa ganin mace ɗauke da tulu, ɗiya biyu na jan zanenta? Ko ba ki ga ɗiyan ba, in kin hango ta tana tangaɗi kin san akwai mai ja. Haka wadannin ke jan tsohon ga, shina matsowa shina komawa, haskenai na nuna hakan. Daga nan anka san su biyu ne, anka san nauyinsu."

Abin da ke hana shi sukuni shi ne asalinsu. Shin daga ragowar ƙurar da ta kewaye tauraron suka dunƙule, kamar yadda duniyoyi ke yi, ko kuwa tare aka fara su da shi a matsayin taurari, su suka tsaya a hanya? Kuma in tsohon ya ƙara kumbura, me zai same su? Yakan yi wa Inna wannan bayani tana tankaɗe, ita kuma ta ce, "Malam, Allah dai shi raba su lafiya." Ya taɓa ce min da ƙuruciya za ta dawo, da wannan kaɗai zai zauna ya karanta.

A wannan daminar ce ƙanensa ya kawo masa baƙo. Ƙanen Kawu bai taɓa riƙe sana'a ta shekara ba. Aikinsa bin masu neman kujera, yau yana bayan wannan, gobe yana buɗe wa wancan ƙofar mota. Wannan karon ubangidansa wani Alhaji ne mai tumbi da ya daɗe yana tsayawa takara. Suka zo da la'asar, Alhajin a gaba, ƙanen Kawu da wani mai riƙe masa wayoyi a baya. Na kawo ruwa bakin ƙofar zaure, na tsaya daga ciki ina ji.

Bayan gaisuwa ƙanen Kawu ya gyara murya ya ce, "Yaya, na gaya wa Alhaji duk ƙasar ga ba wanda ya san taurari awa kai. Shi ne munka zo ka duba mai, ko tauraronai na sama bana."

Kawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Watau duba kunka zo."

Alhajin ya ce, "Malam, ai taimako ne. Ba za mu manta da kai ba."

Kawu ya ce, "Ni ba boka ba ne, Alhaji, gaibu kuma na Allah ne. Amma tunda kun taso, akwai tauraro guda da ni ke kallo kwanan ga. Ya tsufa, ya kumbura, abin da ke cikinai ya kusa ƙarewa. Ga wasu abubuwa biyu na ta kewaya shi, su ba taurari ba, su ba duniya ba, ba su da hasken da za a gan su da shi. Ba a ma san suna nan ba sai don suna jan shi shina tangaɗi." Ya dubi ƙanensa, ya dubi mai riƙe wayoyi. "In shi ne naka, to na gan shi."

Alhajin ya tashi ko ruwan bai sha ba. Ƙanen Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ni ka wulaƙanta gaban ubangidana?"

"Kai ka kawo kanka. Shekara nawa kana shiga gidan ga, ba ka san bambancin kimiyya da tsubbu ba?"

Da suka tafi Inna ta yi masa faɗa, ta ce ɗan'uwa ɗan'uwa ne, bai kamata ba. Kawu ya ce, "Kin yi gaskiya, ban kyauta ba. Na ci mutuncin tauraron nan."

Ba a jima ba wani tsoho Bafulatani ya yi sallama a ƙofar gida, daga shi sai sanda da buta. Abokin Kawu ne tun suna yara a Zurmi, lokacin da mahaifiyarsa ke kawo nono gidan su Kawu. 'Yan bindiga sun kore shanunsa gaba ɗaya, sun ƙone rugarsu, iyalinsa sun watse. Ya shigo gari kuma ya tarar duk wanda ya ji harshensa sai ya ja baya. Kawu bai tambaye shi komai ba. Ya kwashe littattafansa daga ɗakin da ke jikin zaure, ya shimfiɗa masa katifarsa, ya ce wa Inna a riƙa dama fura da yawa. Kullum tare suke tafiya masallaci, Kawu riƙe da hannunsa, har sahun gaba.

Dattawan unguwa suka zo, ciki har da mai cewa yau ƙasar nan ba ta sake yin irin Malam. Suka ce hankalin jama'a bai kwanta da baƙon nan ba. Kawu ya ce, "Ɓarayi sun raba shi da shanunai, ku kuma kun zo ku raba shi da tabarma. Wanda ya ga ya yi laifi a cikinku shi faɗa, ina saurare." Suka tashi suna kaɗe riguna.

Daga nan magana ta fara yawo. Aka ce ga Bafulatani a gida, ga bututu a saman soro. Aka ce da bututun ake yi wa mutanen daji alama. Bindigar Malam da ake faɗa ana dariya ta zama abin da ake faɗa da raɗa. Wata safiya ina wanke-wanke sai ga matasa masu sintirin unguwa da gorori, jama'a na biye da su. Biyu suka hau soro suka sauko da madubin, wasu suka fito da tsohon daga ɗaki, ko hula babu a kansa.

Kawu ya fito ya ce, "Madubi ne, na kallon sama. Ku sa ido ku gani."

Shugaban matasan ba mahaukaci ba ne, na ga alamar yana neman wanda zai ba shi dalilin janyewa. Ya waiga cikin taron ya hango ƙanen Kawu tsaye, hannu a aljihu. Ya ce, "Baba, kai ɗan'uwanai ne. Wanga abu mi ne ne?"

Ƙanen Kawu ya san madubin tun yana saurayi. Da shi Kawu ya nuna masa ramukan da ke jikin wata, mahaifiyata tana wurin, ta sha ba mu labarin yadda ya yi ta salati. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ni dai ban san abin da yake yi da shi ba. Mun daɗe ba mu shiga sha'anin juna."

Suka ɗaga madubin suka buga da dakalin ƙofar gida. Gilashin ya tarwatse har cikin kwata.

Kawu ko kallon wurin bai yi ba, domin sun ja tsohon sun nufi gidan mai unguwa da shi. Ya sa takalmi ya bi su. Aka zaunar da tsohon a ƙasa cikin rana, Kawu ya naɗe riga ya zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Aka kawo masa kujera ya ce ba ya so. Ya ce duk inda za a kai mutumin nan, to a tanadi wuri na biyu. Mai unguwa ya yi tambayoyinsa, ya nemi mai shaida ko guda, aka rasa. Bayan azahar ya sallame su. Da ba don zaman nan na Kawu ba, Allah kaɗai ya san inda tsohon zai kwana, don a lokacin an tafi da wasu ta wannan hanya ba su dawo ba.

Washegari tsohon ya ce zai tafi wurin ɗiyarsa da ke aure a Nijar, ba zai jawo wa gidan wata fitina ba. Kawu ya raka shi tasha, ya sa masa rigarsa ta Juma'a a cikin jaka. Ba su sake ganin juna ba. Da ya dawo ya karɓi tsintsiya a hannuna ya share gilashin da kansa, ya ce kada yara su taka. Tun daga ranar bai sake hawa soron ba. In na tambaye shi tauraronsa sai ya ce, "Shina nan inda yake, ba su kai can."

Bai ƙara ambaton ƙanensa ba. Da salla in ya zo gaisuwa, Kawu yakan amsa sallama tunda wajibi ce, sannan ya ƙara muryar rediyo. Da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, waɗanda ke zuwa duba shi ba su cika tabarma ɗaya ba: mahaifiyata, limamin masallacinsu, da wasu tsofaffin ɗalibansa da ke zuwa su juya shi su yi masa aski. Ƙanen yana gari ɗaya da shi, ya aiko sau ɗaya a ce yana gaishe shi. Sauran masu cika rumfa a yau kuwa, ko aiken ba su yi ba.

Zuwana na ƙarshe maganarsa ba ta fita sosai. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Kina gaya wa ɗiyan ajinki rana ma tauraro ce?"

Na ce, "Kawu, ba ya cikin abin da aka ba mu mu koyar."

Ya ce, "Ki gaya musu."

Na gaya musu. Wata yarinya ta tambaye ni ko ita ma ranar za ta mutu, na ce ƙwarai, amma ba yanzu ba.

Bayan sadakar uku, da aka naɗe tabarmi aka kwance rumfa, ƙanen Kawu ya shigo cikin gida. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da Inna ke takaba, ni da mahaifiyata muna ciki. Yanzu ba jama'a, don haka ba kuka. Ya yi gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Ni kam, ko Yaya ya ambace ni kafin shi cika?"

Inna ta ce, "Ya ambace ka."

Na ga fuskarsa ta saki. Ya matso har yana taɓa labule. "Allahu akbar. Mi yac ce?"

"Ya ce in ka zo a ba ka abinci, don bai taɓa ganin ka shigo gidan ga ba sai da yunwa."

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Inna ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, cika wasiyya." Na tashi na zubo tuwon dawa da miyar kuka, na ajiye masa a tsakar gida da ruwan wanke hannu. Na ɗauka zai juya ya fita. Ya tsaya jim, ya dubi ƙofa, ya dubi kwanon. Sannan ya tattara babbar rigarsa ya zauna, ya cinye tas.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa kaifin harshensa, Ka saka masa da zaman da ya yi a ƙasa cikin rana. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Inna haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani.